Jabu Mai Faɗin Gaskiya: Nazarin Mabuɗin Wasan "Mundial Ronaldinho Soccer 64" a Matsayin Sara

1.0 Gabatarwa

A duk shekara idan aka zo kan azancin magana, karin magana da kirari da habaici da zambo su ke cinye makonnin darasi. Sara kuwa sai a ba ta ƴan mintoci a ƙarshe, a ce magana ce da ake yayinta na wani lokaci sannan ta ɓace, a wuce. Dalilin wannan rowa a fili yake. Kafin manazarci ya gama tattara misalai sarar ta riga ta mutu, kuma ba safai ake sanin bakin da ta fara fitowa ba. Wannan takarda ta ɗauko wata sara da ta kuɓuta daga waɗannan matsaloli biyu, domin an san inda aka ƙera ta, an san shekarar da ta yi tashe, kuma tana nan ajiye ga mai son sake duba ta. Ba ta ƙasar Hausa ba ce. Mabuɗin wani wasan ƙwallon ƙafa ne na bidiyo, na jabu, mai suna "Mundial Ronaldinho Soccer 64", wanda aka haɗa a ƙasar Peru ta Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1990. Ya kwanta fiye da shekara ashirin, sannan ya tashi a intanet a shekarar 2020 ya zama abin raha ga mutanen da ba su taɓa riƙe kaset ɗin wasan ba.

Masu hulɗa da intanet suna kiran irin wannan abu "mim". Masanin halittu Richard Dawkins ne ya ƙirƙiri kalmar a 1976, yana nufin duk wani yanki na al'ada da ke yaɗuwa daga wani zuwa wani ta hanyar kwaikwayo. Daga baya Limor Shifman, wadda ta yi nazarin mim na intanet, ta nuna cewa ba hoto ɗaya ko bidiyo ɗaya ake kira mim ba, sai dai tarin abubuwan da mutane daban-daban suka ƙera suna sane da juna. A wannan takarda kalmar sara za a yi amfani da ita, domin Bahaushe ya riga ya san abin: gajeren zance mai tsayayyen zubi, wanda kowa ke ɗauka ya jefa a inda bai dace ba don a yi dariya, har ranar da za a gaji da shi. Bambancin kawai shi ne sarar intanet tana tafe da hoto da sauti, kuma ba ta buƙatar a san harshen da aka yi ta da shi.

Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, yawancin abin da duniya ta yi wa dariya a wannan mabuɗi a matsayin kuskure ba kuskure ba ne. Sarar ta ɗauki murya da fuska ta yi gaba, ta bar dalilansu a baya. Wannan hali ne na sara a ko'ina, amma ba kullum ake samun damar ganin abin da aka bari ba.

2.0 Asalin Wasan

Kamfanin Konami na Japan ya fara fitar da jerin wasannin "International Superstar Soccer" a 1994 a kan na'urar Super Nintendo. A 1995 ya ƙara wanda ake wa laƙabi da "Deluxe", sannan a 1997 "International Superstar Soccer 64" ya fito a kan na'urar Nintendo 64. Lambar 64 da ke ƙarshen sunan daga na'urar take, ba shekara ba ce. Masu buga gem sun yaba wa waɗannan wasanni ƙwarai saboda yadda ƙwallo ke tafiya da yadda ƴan wasa ke motsi. Sai dai suna da naƙasa guda wadda ita ce tushen duk labarin nan: Konami bai sayi izinin amfani da sunayen ƴan ƙwallo na gaskiya ba. Saboda haka sai ya ƙaga sunaye. Ɗan gaban Barazil mai lamba 7, wanda da yawa suka ɗauka Bebeto aka kwaikwaya, sunansa a wasan Allejo. Babu wani Allejo da ya taɓa taka leda, amma har yau ƴan Barazil suna ambatonsa cikin raha kamar wani tsohon gwarzo. Bugu da ƙari, ƙungiyoyin ƙasashe ne a wasan. Yaron Lima da ke goyon bayan Alianza Lima ko Universitario, da yaron Rio mai son Flamengo, ba su da inda za su ga kulob ɗinsu.

A nan ne wata ƙungiyar matasa masu ilimin kwamfuta ta birnin Lima, Twin Eagles Group, wadda aka fi sani da TEG, ta shigo. An kafa ta a 1989, ta fara da na'urar Commodore 64, daga baya ta koma gyaran wasannin Konami. Yadda aikin yake ba wuya a fahimta, ko da yake yin sa da kayan wancan lokaci ba wasa ba ne. Ana zuƙo bayanan da ke cikin kaset a zuba a kwamfuta, a nemo inda aka ajiye rubutu da hotuna da muryoyi, a cire a maye gurbinsu da wasu waɗanda ba su fi su girma ba, sannan a mayar cikin sabon kaset a kai kasuwa. Ƙashin wasan, wato lissafin da ke sa ƙwallo ta yi birgima, na Konami ne ba a taɓa shi ba. Riga aka sauya. Ta haka aka sami wasanni irin su "Futebol Brasileiro 96" da "Ronaldinho Soccer 97" a kan Super Nintendo, masu ɗauke da kulob-kulob na gida da sunayen ƴan wasa na haƙiƙa. Wanda muke nazari ƙanensu ne, an ɗora shi a kan wasan Konami na Nintendo 64.

A lura da juyin da aka samu. Na halas, mai hatimin kamfani, shi ke ɗauke da sunayen ƙarya. Na jabu, wanda ake sayarwa a rumfa, shi ke kiran kowa da sunansa.

Ba a fahimtar dalilin karɓuwar waɗannan kasusuwa sai an dubi aljihun masu saye. Peru ta shiga shekarun 1990 da hauhawar farashin da ta haura kashi dubu bakwai cikin ɗari a shekarar 1990 kaɗai. A Barazil dokar da ta taƙaita shigo da kayan kwamfuta daga waje ta yi aiki daga 1984 zuwa 1992, kuma ko bayan ɗage ta haraji ya sa kaset na asali ya fi ƙarfin talaka. Kasuwanni irin su Polvos Azules a Lima da garin Ciudad del Este na Paraguay, a bakin iyakar Barazil, su suka cike giɓin. Yara da yawa ba su mallaki na'urar ba ma, shagon haya suke zuwa su biya kuɗin awa. Wannan ba ya wanke aikin daga sunansa. Satar fasaha ce, kuma Peru ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 1996. Amma manazarcin da ya tsaya a kalmar sata ya rufe littafi, bai bayyana dalilin da ya sa mai saye ya fi son na satar ba ko da an jera masa biyun.

3.0 Zubin Mabuɗin

Mabuɗin kansa ƴan daƙiƙu ne. Abubuwa huɗu ya ƙunsa: hoton ɗan ƙwallon Barazil Ronaldo Nazário, kiɗan da aka gada daga wasan Konami, dariya, da muryar namiji tana shelar sunan wasan. Babu labari, babu jumla cikakkiya. Duk abin da ya faru daga baya a kan waɗannan huɗu ya faru.

A fara da sunan. Kalma uku ce daga harshe uku. "Mundial" ita ce kalmar da masu Sifaniyanci ke kiran gasar cin kofin duniya da ita. "Ronaldinho" ginin harshen Fotigal ne. "Soccer" Ingilishi ce, kuma Ingilishin Amurka, wadda Konami ya zaɓa tun farko. Mutumin Lima ba ya kiran ƙwallon ƙafa da wannan kalma, haka mutumin Rio. An bar ta ne domin ita ce alamar da mai saye ya sani, ita ke gaya masa cewa wasan nan ɗan gidan wancan ne da ya saba da shi. Wato kowace kalma da aikinta: ta farko tana sayar da lokaci, domin gasar Faransa ta 1998 ita ce zancen kowa, ta biyu tana sayar da tauraro, ta uku tana nuna dangantaka. Ɗalibin da ya yi nazarin sunayen shaguna da rubutun jikin motoci a garuruwanmu, inda Hausa da Faransanci ko Ingilishi ke zama a allo ɗaya, ba zai ga wannan a matsayin shirme ba. Harshen kasuwa ne, kuma yana da ƙa'idarsa.

Sai dariyar. A ganina ita ce ginshiƙin sarar, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. A barkwanci na yau da kullum dariya a ƙarshe take zuwa, bayan an kwance ƙulli, kuma daga bakin mai sauraro. A nan ta zo daga bakin mai magana, kuma ba a faɗi wani abin dariya ba. Mai kallon 2020 ya ji ta sai ya ɗauka rashin iya aiki ne, ko kuwa wani abu mai ɗan ban tsoro. Amma idan aka ajiye ta kusa da aikin sanƙira a gaban makaɗi, sai ta daina zama baƙuwa. Sanƙira ba bayani yake yi ba. Aikinsa ya tsaga hayaniya, ya juyo da kawuna, sannan ya jefa sunan wanda ake yi dominsa. Wannan mabuɗi an yi shi ne don shagon haya mai talabijin biyar ko shida kowace tana ƙara, da rumfar kasuwa inda mai wucewa ke da daƙiƙa biyu kafin ya wuce. A irin wannan wuri muryar da ta yi ladabi ba a jin ta. Dariyar kira ce, sunan kuma kirari. Ta wannan ma'auni mabuɗin ya yi aikinsa, kuma ina ganin ya fi mabuɗan wasanni da yawa da aka kashe wa kuɗi, waɗanda ba wanda ke iya tuna su bayan mako guda.

Abu na uku shi ne ingancin sautin. Muryar a shaƙe take, kamar ta fito daga cikin gwangwani. Dalili na fasaha ne. Kaset ɗin Nintendo 64 ba shi da wuri mai yawa, mafi girmansa megabait 64 ne, da yawa kuma ba su kai kusa da haka ba, alhali faifan CD na abokiyar gasarsa PlayStation yana ɗaukar fiye da 600. Dole a matse murya kafin ta shiga, kuma mai gyaran jabu sai ya cusa tasa a gurbin da mai asali ya bari. Sakamakon shi ne kiɗan ya fito sumul, domin kamfani ne ya tsara shi, muryar kuma ta fito da kaushi, domin baƙuwa ce. Kunne yana jin ɗinkin ko da mai shi bai san tarihin ba. Wannan rashin jituwa tsakanin kiɗa da murya shi ne rabin abin dariyar.

Brian Larkin (2004), a nazarinsa na kasuwar kaset-kaset ta Kano, ya nuna cewa kwafi a kan kwafi yana haifar da wani irin gani da ji na daban, hoto mai dishi-dishi da sauti mai gargada, har mai kallo ya saba ya ɗauke su a matsayin yadda fim yake. Abin da ya gani a Kano shi ne a nan. Ga yaron Lima na 1998 wannan shaƙaƙƙiyar murya ba abin dariya ba ce, haka gem ke magana. Sai da aka sami kunnen da ya tashi da tsabtataccen sautin wayar hannu sannan kaushin ya zama barkwanci. Ke nan abin dariyar ba a cikin mabuɗin yake shi kaɗai ba, yana cikin tazarar shekaru ashirin da ke tsakanin mai yi da mai ji.

4.0 Matsalar Suna

Babban abin da ya riƙe masu kallo shi ne ganin fuskar Ronaldo a ƙarƙashin sunan Ronaldinho. Ga wanda ya fara kallon ƙwallo bayan 2000, waɗannan mutum biyu ne da ba a haɗa su: ɗaya mai aski ƙwal wanda ya ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na 2002, ɗaya mai dogon gashi na Barcelona. Sai aka yanke hukunci nan take cewa ɓarayin fasahar ko ɗan wasan da suka sata ba su sani ba. Ga jabu ya tona kansa.

Tarihi bai goyi bayan wannan hukunci ba. A harshen Fotigal ɗafa-ƙeyar "-inho" tana nuna ƙanƙanta ko shaƙuwa, "-ão" kuma tana nuna girma. Aikinsu ɗaya da abin da Bahaushe ke yi idan Sani biyu suka haɗu a gida ɗaya, a ce Sani Babba da Sani Ƙarami. A tawagar Barazil ta 1994 akwai wani Ronaldo mai tsaron baya wanda ya girme shi, sai aka kira wancan Ronaldão, aka kira yaron ɗan shekara 17 Ronaldinho. A wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 ma an sake samun wani Ronaldo a tawagar, Ronaldo Guiaro, saboda haka sunan da aka rubuta a bayan rigarsa shi ne Ronaldinho. Haka ƴan Barazil suka ci gaba da kiran sa a shekarun da ya zama gwarzon FIFA na 1996 da 1997. Shi kuwa na biyun, haifaffen 1980, bai shiga babbar tawagar ƙasar ba sai 1999, kuma da ya shigo Ronaldinho Gaúcho aka riƙa kiran sa, wato na jihar Rio Grande do Sul, don a raba shi da mai sunan. A hankali babban ya koma Ronaldo zalla, ƙaramin ya gaji laƙabin. Saboda haka a lokacin da aka haɗa kaset ɗin sunan daidai yake, kuma shi ne sunan da kasuwar da ake nufi ta sani. Ba masu wasan ne suka yi kuskure ba, sunan ne ya ƙaura ya bar hoton.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na faɗa wannan rami. Wani ɗan ƴar'uwata ne ya turo mini bidiyon a 2020, na kalla na yi dariya na ce ga jahilci. Sai bayan kwana biyu na tuna cewa ni da idona na ga wannan suna a bayan wannan mutum. Ranar 31 ga Yuli 1996 ce, wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Barazil da Najeriya, muna cunkushe gaban talabijin ɗaya cikin dare. Barazil na gaba da ci 3 da 1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na ƙarshe sannan ya ci ta zinare aka tashi 4 da 3. Ronaldinho na wannan dare shi ne mutumin da ke cikin hoton, kuma Bebeto, wanda ake cewa shi ne Allejo, yana gefensa har ya ci ƙwallo ɗaya. Idan wanda ya shaida abin zai iya mantawa ya bi ayarin masu dariya, ba a ga laifin wanda ba a haifa ba a lokacin. Amma wannan yana nuna ƙarfin sara: tana zuwa da hukuncinta a shirye, kuma saurinta ba ya barin mutum ya binciki abin da ya riga ya sani.

Akwai kuma wani abu da ya faru a shekarar. A watan Maris na 2020 hukumomin Paraguay suka kama Ronaldinho Gaúcho bisa shiga ƙasar da fasfo na jabu. Ya yi wata guda a tsare, sannan aka mayar da shi ɗaurin talala a wani otal a Asunción har watan Agusta. Ba ina cewa wannan ne ya haifi sarar ba. Abin da za a iya faɗa shi ne, a watannin da mabuɗin ke yawo, kalmar Ronaldinho da kalmar jabu suna tare a kanun labarai, kuma kunnen jama'a ya riga ya saba jin su a jere.

5.0 Yadda Ta Yaɗu da Abin da Ta Zubar a Hanya

Kaset ɗin da kansa da tuni ya ruɓe a kwandon shara. Abin da ya tsirar da shi shi ne dabarar da ta haife shi: wasu suka zuƙo bayanansa suka ajiye a intanet, ana buga shi a kwamfuta da manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura, wasu kuma suka naɗi mabuɗin suka ɗora a YouTube. Jabun ma an yi jabunsa. Ya zauna a can shekaru, sai masu sha'awar tsofaffin wasanni ke leƙa shi, har zuwa 2020 lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, aka dakatar da gasannin ƙwallo, kowa ya duƙufa kan waya.

Siffar da ta fi yawa ita ce ta tarko. Bidiyo zai fara kamar wani abu daban, labari ko yankin fim ko waƙar da aka sani, sai a daidai inda mai kallo ke jiran abin da aka yi masa alkawari a yanke, fuskar Ronaldo ta bayyana, muryar ta tashi. Wannan dabara ba sabuwa ba ce a intanet, tun 2007 ake yin ta da wata waƙar Rick Astley ta 1987. Sai dai mabuɗin namu ya fi dacewa da aikin, kuma dalilin yana cikin zubinsa. Waƙar Astley ba ta san an yi tarko da ita ba. Shi kuwa wannan yana ɗauke da dariyarsa. Da zarar an sa shi a bakin tarko, dariyar da a da kira ce ga mai saye sai ta koma dariyar ƙeta ga wanda ya faɗa. Ba a ƙara mata komai ba, ba a rage ba, wurin zama kawai aka sauya mata, ma'anarta ta juya. Ɗalibi ya riƙe wannan misali, domin shi ne abin da muke nufi idan muka ce ma'anar azancin magana tana ga muhallin faɗa. Karin magana guda kan zama nasiha a bakin uwa ya zama habaici a bakin kishiya.

Siffa ta biyu ita ce ta sake gini: a ɗora muryar a kan wani kiɗa, a sake kaɗa kiɗan da wasu kayan, a sa wata fuska a gurbin ta Ronaldo, a sauya sunan a bar karin muryar. A nan ne aka ga gwaninta, kuma a nan ne na fi jin daɗin kallo, domin masu yin haka suna maimaita aikin mutanen Lima ne ba tare da sun sani ba. Su ma ƙashin wani suka ɗauka suka sauya masa riga. Ta tarkon kuwa ba ta da nisan kwana. Da mai kallo ya fara zargin cewa fuskar na tafe, tarkon ya daina kamu, kuma yawancin abin da aka yi bayan wannan mataki maimaici ne maras gishiri, irin na mutumin da ke jefa sarar bara a taron bana. Kamar kowace sara, ta yi tashenta ta lafa.

Abin da ya fi damuna shi ne rabuwar masu dariyar gida biyu. Ga mutumin Peru ko Barazil da ya tashi a shagon haya, mabuɗin ƙamshin ƙuruciya ne. Idan ya yi dariya da kansa yake yi, kamar yadda mutum ke dariyar hoton sallarsa ta yarinta da takalmin da ya fi ƙafarsa. Ya san kaset ɗin na jabu ne, ya san kuma irinsa ne ya ba shi kulob ɗinsa lokacin da kamfanin Japan bai san da zamansa ba. Ga wanda ya gamu da shi a 2020 ba tare da wannan tarihi ba, abin da ya rage shi ne baƙon lafazi da mummunan sauti da sunan da ake zaton kuskure ne. Wannan dariya ta biyu ba lallai ta zama ta mugunta ba, amma daga sama take kallo, kuma abin da take gani shi ne talaka yana kwaikwayon mai kuɗi bai iya ba. Bidiyon ɗaya ne, sarar ɗaya ce, kuma ba abin da ke cikinta da zai gaya wa na biyu abin da na farko ya sani.

Mu ma ba baƙin wannan matsayi ba ne. Finafinan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa suna tafiya a kan dabara iri ɗaya, hoton wani da kiɗan wani da murya ta gida, kuma na sha jin ɗalibai a aji suna yi musu irin dariya ta biyu alhali da dare su ne masu kallo. Wanda zai yi nazarinsu sai ya fara da tambayar da muka yi wa kaset ɗin Lima: wane giɓi ne mai asali ya bari har aka nemi wannan, kuma me mai muryar ya ƙara da ba ya cikin na asalin? Bayan haka ne ake zuwa batun inganci da batun haƙƙi, waɗanda su ma ba a tsallake su.

Su kuwa mutanen TEG, sarar ba ta ɗauki sunansu ba. Sun yi wasanni nasu na kansu, ciki har da "King of Peru" na farkon shekarun 2000, inda ƴan siyasar ƙasar ke dambe da juna, amma ba wannan duniya ta sani ba. Konami ya daina fitar da jerin "International Superstar Soccer" bayan 2003, ya mayar da ƙarfinsa kan "Pro Evolution Soccer", ya kuma shiga sayen izinin sunaye. A watan Satumba na 2019 ya fitar da "eFootball PES 2020", kuma a bangon wani bugu na musamman na wasan hoton Ronaldinho Gaúcho ne, da izini da komai. Ke nan a watannin da sarar ke tashe akwai wasan ƙwallon Konami na halas mai ɗauke da Ronaldinho a kasuwa, kuma matashin da ya ajiye shi kusa da hoton kaset ɗin Lima yana da hujja a hannunsa cewa na Lima ne ya kuskure mutum.